Hukuncin Gina Katanga, Haƙa Rami Da Ƙarin Gini A Gida Ba Tare Da Izinin Hukuma Ba

TAMBAYA

Na sayi fili a gefen Danmasara, cikin garin Dutse. Ina so in zagaye shi da katanga kafin damina, in haƙa sokawe da tankin ruwa na ƙasa, nan gaba kuma in yi ɗan tafkin kifi a bayan gida. An ce mini sai na nemi izinin hukuma. Wasu abokaina sun ce ba sai na wahalar da kaina ba, tunda da kuɗina na sayi filin. Maƙwabcina kuma ya ce katangar za ta tare hanyar ruwan sama. Shin idan na yi gini ba izini na yi zunubi? Kuma mene ne haƙƙin maƙwabci a kaina?

AMSA

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, kafin ka aza bulo ɗaya akwai ƙofofi biyu a gabanka, kuma dole ka bi ta kowacce. Ta farko izinin hukuma. Ta biyu haƙƙin maƙwabci da na masu bin hanya. Takardar hukuma ba ta halatta maka cutar da maƙwabci, yardar maƙwabci kuma ba ta tsaya maka a madadin takardar hukuma. Mafi yawan rigingimun gini da ake kawowa gaban limamai da masu unguwanni, asalinsu mutum ya bi ta ƙofa ɗaya ya manta da ɗayar. Wannan bayani ya shafi namiji da mace baki ɗaya, domin mace ma tana mallakar fili da gida kamar yadda namiji yake mallaka.

Na farko: Wa ke da ikon ba da izini?

Tun daga shekarar 1978, Dokar Amfani da Ƙasa ta Nijeriya ta sanya ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a. Filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne yake ba da haƙƙin zama a kansa, kuma shi ne abin da takardar da ake kira C of O take tabbatarwa. Filin karkara kuwa ƙaramar hukuma ce take ba da haƙƙin zama na gargajiya. Dokar ta kuma shardanta yardar gwamna idan za a sayar ko a jinginar da filin da ke da irin wannan takarda ta birni.

Mallakar fili daban, izinin gini daban. A 1992 gwamnatin tarayya ta kafa dokar tsara birane da yankuna, wadda ta wajabta neman izini kafin a fara aikin gini. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara gari da ba da izinin gini a cikin jihohi aikin gwamnatocin jihohi ne. Saboda haka a nan Jigawa, ofisoshin jiha ne za ka nufa. A cikin babban birni akwai Hukumar Raya Birnin Dutse, wadda aka fi sani da DCDA. Akwai kuma Hukumar Raya Birane ta Jiha, da ma'aikatar da ke kula da filaye da gidaje, inda ake harkar takardun mallaka da safiyo.

Dalilin wannan tsari a bayyane yake ga duk wanda ya san Dutse. Kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ƙaramin gari ne a gindin duwatsu, Garu ce cibiyarsa. Da ya zama babban birni, sannan aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, sai gonaki suka riƙa komawa filotai ta ko'ina: Takur, Yalwawa, Fagoji, Danmasara da sauransu. Gonar da jiya ruwan sama yake kwanciya a cikinta, yau gidaje ne. Idan kowa ya yi gini yadda ya ga dama, babu inda ruwa zai bi, babu inda motar asibiti ko ta kashe gobara za ta shiga.

Na biyu: Shin bin wannan doka wajibi ne a addini?

E, wajibi ne. Aya ta 59 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da biyayya ga Allah da ManzonSa da majiɓinta al'amari, malamai kuma sun yi bayanin cewa ana yi wa shugaba biyayya a duk abin da ba saɓon Allah ba ne. Shugaba yana da ikon taƙaita abin da asalinsa halal ne idan akwai maslahar jama'a. Gina katanga halal ne, amma idan hukuma ta ce a nemi izini domin a tsare hanya da magudanar ruwa da rayukan mutane, to wannan umarni ne na maslaha, kuma wanda ya ƙetare shi da gangan ya yi laifi.

Kada ka ɗauka cewa wannan sabon abu ne da Turawa suka kawo. Malaman Malikiyya sun yi rubutu mai yawa a kan dokokin gini. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta taɓo su a babin shari'o'i, haka ma Mukhtasar na Khalil. A birnin Tunis, a ƙarni na takwas na Hijira, wani magini mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba rigingimun gini, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen katangu da tagogi da hanyoyi da magudanai. A ƙasarmu ma, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan yadda ake mallakar ƙasa. Abin da ma'aikacin tsara gari yake yi a yau, wani yanki ne na aikin da alƙali da muhtasibi suke yi a da.

Na uku: Abin da za ka yi kafin ka fara

Ka fara tabbatar da takardunka. Idan filin gwamnati ne, ka riƙe takardar da aka ba da shi da ita, ka kuma tabbatar an mayar da ita sunanka ta hanyar da ta dace. Idan filin awon igiya ne, wanda mai gona ya yanka ya sayar, to takardar ciniki da sa hannun mai unguwa ko dagaci shaida ce mai amfani, amma ba ita ce izinin gini ba. Ka je ofis ka bincika ko filin bai faɗa kan titin da aka tsara ba, ko filin makaranta, ko maƙabarta, ko hanyar ruwa. Wannan bincike kafin a biya kuɗin fili ya fi dacewa a yi shi, amma gara a makara da a ƙi yi.

Sannan ka kawo safiyo mai rajista ya nuna maka duwatsun iyaka. Ka gayyaci maƙwabtanka na kowane ɓangare da mai unguwa su tsaya a wurin. Yinin da za ka kashe a kan wannan zai iya hutar da 'ya'yanka shari'ar shekaru.

Bayan haka ka kai zanen abin da za ka gina tare da takardun filin, ka cike takardar neman izini, ka biya kuɗin da aka ƙayyade, ka karɓi rasit na gwamnati. Jami'ai za su zo su duba wurin. Ka sa a nuna katanga, da ƙofa, da sokawe, da tanki, da tafkin kifi duk a cikin zanen tun farko, ka kuma nemi a faɗa maka tsayin katanga da tazarar da za ka bari daga titi, domin waɗannan suna bambanta daga unguwa zuwa unguwa gwargwadon tsarin da aka yi mata. Idan daga baya ka so fasa katanga ka fitar da shago, ko ka ɗora bene, sai ka koma, domin canza amfanin gida ma yana buƙatar izini.

Ka kiyayi abu ɗaya. Idan wani ya ce ka ba shi na goro ya kau da kai, kada ka bayar. Ya tabbata a hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓarta. Bayan zunubi kuma, kuɗin ba zai kare ka ba, domin wanda ya karɓa za a canza masa wurin aiki, ginin kuma yana nan ba takarda. Ranar da aka shafa masa jan fenti, kai kaɗai za ka tsaya.

Na huɗu: Katanga da iyaka

Babban haɗarin katanga shi ne cin iyaka. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya zalunci wani da gwargwadon taki ɗaya na ƙasa, za a rataya masa shi a wuya tun daga ƙassai bakwai ranar Alƙiyama. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu (RA) cewa an la'anci mai canza alamomin iyakar ƙasa. Saboda haka magini ya ce bari a ɗan matsa da igiya domin katanga ta miƙe, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Harsashin katangar ma, wanda yake binne a ƙasa, dole ya tsaya a cikin filinka.

Cin hanya ya fi cin iyakar maƙwabci muni ta wata fuska, domin maƙwabci mutum ɗaya ne, za ka iya neman yafiyarsa, hanya kuwa ta kowa ce, har da waɗanda ba a haifa ba. Hadisi ya zo a Bukhari da Muslim cewa idan aka yi saɓani a kan faɗin hanya sai a sanya ta zira'i bakwai, wato wajen mita uku da rabi. Malamai suka ce wannan a kan hanyar da ake son fitarwa ne aka kasa daidaitawa. Hanyar da take da faɗi tun asali ba ya halatta a rage ta da hujjar wannan hadisi. Dakali, da matakala, da rumfar kwano, da tudun shigar mota da ake ɗorawa a kan kwata, duk suna ƙarƙashin wannan hukunci idan suka ƙuntata wa masu wucewa ko suka toshe ruwa.

Akwai wurare biyu da dokar tarayya ta shiga. Titunan gwamnatin tarayya, irin hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa Shuwarin, suna da hurumin mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe. Manyan wayoyin lantarki ma suna da nasu hurumin: layi mai ƙarfin 132kV yana da mita 15 a kowane gefe, mai 330kV mita 25, ƙananan layukan cikin gari na 11kV da 33kV kuma mita biyar da rabi. Wanda ya yi gini ko ya kafa tankin sama a ƙarƙashin waya ya jefa iyalinsa da leburorinsa cikin halaka.

Idan katanga ta haɗin gwiwa ce tsakaninka da maƙwabci, ku rubuta wanda ya biya da wanda ya mallaka, ku sa shaidu. Idan taka ce kai kaɗai, maƙwabci ya nemi ya jingina azararsa ko rumfarsa, to hadisin Abu Huraira ya hana mutum ya hana maƙwabcinsa kafa itace a katangarsa. A mazhabar Imam Malik wannan abin so ne ba tilas ba, amma mutumin kirki ba ya hanawa matuƙar katangar za ta ɗauka.

Na biyar: Maganar ruwan sama

Abin da maƙwabcinka ya faɗa ka ɗauke shi da muhimmanci. Ƙa'idar da wannan babi duka ya ginu a kanta ita ce hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda ya hana cuta da cutarwa. Garin Dutse ruwa yana gangarowa daga duwatsu da ƙarfi, kuma duk mun ga abin da ambaliya ta yi a Jigawa a daminar 2020 da ta 2022 da ta 2024, musamman ga gidajen ƙasa. Katangar bulo da ta tare ruwa takan mayar da shi gindin ginin ƙasa na talakan da ke kusa, ya jiƙa, ya rufta cikin dare a kan masu barci.

Hukuncin shi ne: hanyar da ruwa ya saba bi tun kafin ka zo, ba ka da ikon toshe ta sai ka samar masa wata mafita da ba za ta cuci kowa ba. Imam Malik ya ruwaito cewa Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya ratsa da ruwa ta gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuma ya ƙi, sai Sayyidina Umar (RA) ya tilasta masa, saboda abin yana amfanar ɗan'uwansa kuma ba ya cutar da shi. To ina ga wanda zai toshe hanyar da take nan tun da? Ka bar rariya a gindin katanga, ka haɗa ta da kwata. Indararonka ya zuba a filinka ko a magudana, kada ya zuba a tsakar gidan wani. Ruwan wanka da na wanki kuma ba a sakinsa a kan hanya.

Na shida: Rami, sokawe, rijiya da tafki

A gidajenmu wurin ninƙaya na zamani bai yawaita ba, amma ramukan ruwa suna da yawa: rijiya, tankin ƙasa, sokawe, tafkin kifi, da kududdufin da aka bari bayan an ɗebi ƙasar tubali. Kusan kowace damina sai an ji labarin yaron da ya nutse a irin waɗannan wurare a ƙauyuka da garuruwan jiharmu. Ƙaramin yaro ruwan da bai kai gwiwar babba ba ya isa ya kashe shi, kuma sau da yawa ba a jin kukansa.

Imam Malik ya yi bayani a Muwaɗɗa cewa wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar Musulmi, a inda ba shi da ikon haƙawa, to shi ne mai lamunin abin da ya faɗa ciki. Wannan ya hau kan mai haƙa sokawe a waje, a kan layi, kamar yadda wasu suke yi domin su tsimi filinsu. Wanda ya haƙa a cikin mulkinsa kuwa, asali ba ya lamuni, amma sakaci da rayukan yaran gida da na maƙwabta amana ce da za a tambaye shi. Ƙasashen da wuraren ninƙaya suka yawaita a gidajensu sun mayar da wannan doka: a Faransa dokar 2003 ta wajabta sanya abin kariya ga wurin ninƙayar gida da aka haƙa a ƙasa, a Ostireliya kuma ana wajabta shinge mai tsayin mita 1.2 da ƙofa mai rufe kanta. Kai ma ka yi haka ga tafkin kifinka. Tanki da sokawe ka rufe su da murfin kankare da yaro ba zai iya ɗagawa ba. Ramin da ake cikin aikinsa kada a kwana an bar shi a buɗe.

Sai maganar tazara. Risala ta ambaci cewa ba a haƙa abin da zai cutar da maƙwabci ko da a cikin mulkin mai haƙawa ne. Masana kiwon lafiya suna ba da shawarar a bar kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiyar sha. Fili mai ƙafa 50 da 100 kuwa tsawonsa duka wajen mita 30 ne. Ka ga ke nan ba za ka iya tsare wannan tazara kai kaɗai ba, sai ka tambayi maƙwabci ina rijiyarsa ko burtsatsensa yake kafin ka zaɓi wurin sokawe. Kada kuma ka haƙa shi a jikin harsashin katangarsa.

Na bakwai: Taga, bene da sana'ar bayan gida

Malamanmu sun hukunta toshe sabuwar tagar da take leƙa cikin gidan maƙwabci, domin tsakar gida wurin sirrin iyali ne. Kana da ikon ɗaga gininka, kuma a mashhurin mazhaba ba a hana mutum gini don kawai ya tare wa wani haske ko iska, sai idan cutarwa ya nufa. Amma ba ka da ikon tsayawa a bene ko a kan tanki kana kallon matan mutane. Ka ɗaga taga sama da tsayin mutum, ka kewaye baranda, idan leburori za su hau sama kuma a sanar da maƙwabta tukuna.

Haka nan Khalil ya lissafa hayaƙi da wari cikin cutarwar da ake hanawa idan sabuwa ce. A yau wannan ya haɗa da ɗakin kaji, da turken shanu a jikin ɗakin kwanan maƙwabci, da injin niƙa, da janareta, da ruwan tafkin kifi idan aka zubar da shi a layi. Katangar da ta karkata kuwa, idan aka gargaɗi mai ita, ya sami damar gyarawa ya ƙi, to lamunin abin da ta faɗa wa yana kansa.

Wata mas'ala da ake yawan mantawa: gidan gado da ba a raba ba. Babu magajin da yake da ikon yanke wani ɓangare ya katange, ko ya fitar da shago, sai da yardar sauran, har da mata da waliyyin marayu. Shirun 'yar'uwa saboda kunya ba yarda ba ne.

Na takwas: Wanda ya riga ya yi gini

Idan ka riga ka yi gini ba izini amma ba ka ci haƙƙin kowa ba, ka nemi gafarar Allah, ka je ofis da kanka ka nemi a daidaita takardunka. Idan ka ci iyakar maƙwabci, ka mayar masa, ko ka saya da yardarsa, ko ya yafe maka da daɗin rai. Idan hanya ka ci ko magudana, to tuba ba ta cika sai ka janye, domin babu wanda yake da ikon yafe maka haƙƙin jama'a, ko mai unguwa ne. Idan kuma kai aka zalunta, ka fara da magana mai daɗi, sannan dattawan unguwa da liman, sannan mai unguwa da dagaci da hakimi, sannan hukumar tsara gari ko kotu. Kada ka ɗauki guduma ka rushe da hannunka.

Amsar tambayarka a taƙaice: ka nemi izini kafin ka fara, domin wajibi ne. Ka kira safiyo da maƙwabta a tabbatar da iyaka. Ka bar wa ruwa hanyarsa. Ka rufe kowane rami, ka shinge tafki. Damina ɗaya da za ta wuce ba ka yi katanga ba ta fi sauƙi a kan katangar da za a rushe, ko wadda za ta tsaya a kan haƙƙin wani har ka koma ga Allah.

Allah Ya sanya albarka a ginin, Ya haɗa ka da maƙwabta na gari, Ya sa kai ma ka zama na gari a gare su.

Wallahu a'alam.